Bin Sawun Kakanni a Ma'adanar Takardun Gwamnati da Laburaren Babban Birni: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini tun da na fara zirga-zirga a ɗakunan ajiyar tsofaffin takardu ina neman asalin gidanmu. Misalan na ɗebo su daga ƙasashe daban-daban, domin kowace ƙasa da dokarta, amma ɗabi'ar gwamnati wajen tara takarda kusan iri ɗaya ce ko'ina.

Idan na je ma'adanar takardu ta ƙasa na faɗi sunan kakana, za a ɗauko mini fayil ɗinsa?

A'a. Kusan kowa da wannan zaton yake shiga, kuma shi ne abin da ke sa mutane fita rai a ɓace tun ranar farko. Ma'adana ba ta jera takardu bisa sunayen iyalai. Tana jera su ne bisa ofishin da ya rubuta su, kuma yadda ofishin ya tsara abinsa haka ake barinsa. Takardun soja suna gefe guda, na kwastan suna wani gefen, na kotu ma haka. A ma'adanar Birtaniya da ke Kew a Landan, lambar kowace takarda tana farawa da haruffan ma'aikatar da ta fito: WO ta ma'aikatar yaƙi ce, ADM ta sojan ruwa, CO ta ma'aikatar ƙasashen mulkin mallaka, BT ta hukumar ciniki, wadda a ƙarƙashinta jerin sunayen fasinjojin jiragen ruwa suke.

Saboda haka tambayar da za ka riƙe ita ce: a ina kakana ya yi kiciɓis da gwamnati? Ya biya haraji? Ya shiga soja? Ya yi aikin gwamnati ya karɓi fansho? An ba shi fili? Ya hau jirgi ya ƙetare? An kai shi ƙara, ko shi ya kai wani? Duk inda amsar ta zama i, akwai akawun da ya zauna ya rubuta sunansa. Mutumin da ya yi zamansa lami lafiya, bai taɓa tsallake iyaka ba, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, shi ne mafi wuyar samu. Ɗan rigimar dangi wanda kullum yana kotu ya fi salihin bawan Allah barin sawu a takarda, nesa ba kusa ba.

Ka kuma sani cewa ba duk abin da gwamnati ta rubuta ake adanawa ba. Ma'adanar Amurka da kanta tana cewa kashi 1 zuwa 3 cikin 100 kawai na takardun gwamnatin tarayya take riƙewa har abada. Sauran ana lalata su idan amfaninsu ya ƙare.

To daga ina zan fara?

Daga gida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka sayi tikitin babban birni, ka zauna da dattijan dangi, musamman tsofaffin mata, domin su suka fi riƙe wa ya auri wa, wa ya haifi wa. Ka naɗi maganarsu da waya in sun yarda. Kada ka matsa musu da shekara, don da yawa ba da lamba suke tuna abu ba. Ka tambaye su abin da ya faru a lokacin: yaƙi ne, annoba ce, wane ne ke mulki, an riga an kawo jirgin ƙasa ko tukuna. Daga baya kai za ka mayar da wannan shekara.

Sannan ka bincika akwatuna da ƙasan katifa. Tsohon fasfo, katin aiki, takardar sallama daga soja, rasit ɗin haraji, bayan hoto inda wani ya rubuta suna da kwanan wata. Lamba ɗaya ta soja a jikin wata yagaggiyar takarda tana iya rage maka aikin mako guda.

Abu uku kake so a hannunka game da kowane mutum: duk sunayen da aka san shi da su, garin da ya zauna, da kimanin shekarun da ya rayu. Kuma daga kanka za ka fara kana komawa baya, uba, kaka, kakan uba, ɗaya bayan ɗaya. Kada ka ɗauko wani shahararren mutum mai irin sunanku na shekara ɗari biyu da suka wuce ka ce za ka gangaro daga kansa har ka iso kanka. Masu yin haka kullum suna isowa, amma ta hanyar dangin wasu.

Mene ne bambancin ma'adana da babban laburaren ƙasa? Wanne zan fara zuwa?

Ma'adana tana ajiye takardun da ba a buga ba, mafi yawansu kwafi ɗaya tak ne a duniya. Laburare yana ajiye abin da aka buga: littattafai, jaridu, taswirori, mujallun gwamnati. A ƙasashe da yawa doka ta tilasta wa masu ɗab'i su kai kwafin duk abin da suka buga babban laburaren ƙasa, shi ya sa ake samun ƙaramar jaridar wani lungu da ta mutu tuntuni a can.

Ni shawarata ka fara da laburare, ko da yini ɗaya ne. A can za ka gane a ƙarƙashin wane lardi ko gunduma garinku yake a wancan zamanin, domin iyakoki suna canjawa, kuma takarda tana bin iyakar lokacin da aka rubuta ta. A can za ka samu littattafan adireshi na birane, waɗanda ke jera mazauna da sana'o'insu shekara-shekara. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a Washington, wanda aka kafa a 1800, yana da taswirorin Sanborn da kamfanonin inshorar gobara suka yi amfani da su, masu nuna gini-gini a titi har da abin da aka yi ginin da shi. Jaridar gwamnatin Birtaniya, London Gazette, tana fitowa tun 1665, kuma cike take da sunayen waɗanda aka naɗa muƙami, aka ba lambar yabo, ko suka karye a kasuwanci.

Wasu ƙasashen sun haɗe su biyun. Kanada ta haɗa nata a 2004 suka zama hukuma ɗaya a Ottawa.

Ashe ba komai ke babban birni ba?

Ko kusa. Wannan ma ya kamata ka tabbatar kafin ka tashi.

Takardun haihuwa, aure da mutuwa, waɗanda su ne ƙashin bayan wannan bincike, galibi ba a ma'adanar ƙasa suke ba. A Amurka aikin jihohi ne da gundumomi. A Faransa, inda rajistar gwamnati ta fara a 1792, suna ofisoshin magajin gari da ma'adanun larduna. A Ingila da Wales rajistar ta fara ranar 1 ga Yuli 1837, kuma wani ofishi daban ake rubuta wa a nemi kwafi, ba Kew ba.

Akwai kuma manyan tarin takardu da aka kai wasu garuruwa. Fayilolin sojojin Amurka na ƙarni na 20 suna St. Louis. Takardun ƙasashen da Faransa ta mallaka suna Aix-en-Provence a kudancin ƙasar. Na Daular Usmaniyya suna Santambul, ba Ankara ba. Hedkwatar ma'adanar Jamus tana Koblenz. Ta Najeriya manyan rassanta suna Ibadan, Kaduna da Enugu. Ko a cikin babban birnin ma, ma'adana tana iya rabuwa gida biyu: ta Amurka tana da tsohon gini a tsakiyar Washington da wani a College Park a bayan gari da aka buɗe a 1994, ta Faransa kuma ta kwashe mafi yawan takardun bayan juyin juya hali zuwa Pierrefitte-sur-Seine a bayan garin Paris a 2013.

Wace irin takarda ce ta fi amfani?

Ta ƙidayar jama'a ce mutane suka fi sani, kuma da gaskiyarsu, domin tana nuna gida guda a rana guda: maigida, matarsa, 'ya'ya, har da baƙon da ya kwana. Amma ba duk ƙidaya ke da wannan ba. Amurka tana yi duk shekara goma tun 1790, sai dai har zuwa 1840 sunan maigida kaɗai ake rubutawa, sauran 'yan gidan lissafi ne kawai. Daga 1850 aka fara rubuta sunan kowane ɗa, watau wanda ba bawa ba, sai 1880 aka ƙara dangantakar kowa da maigidan. A Birtaniya ta 1841 ce ta farko da sunayen mutane suka tsira a cikinta gaba ɗaya, ta 1851 kuma ta ƙara garin haihuwa.

Idan ka samu kakanka a ƙidaya, kada ka tsaya a layinsa. Duba gidaje biyar na sama da biyar na ƙasa. Sau da yawa maƙwabcin surukinsa ne, ko ɗan'uwan matarsa.

Ni dai a wurina babu kamar fayil ɗin fansho. Dalili kuwa, mai neman kuɗin gwamnati dole ya kawo hujja, kuma gwamnati ba ta yarda da sauƙi. Matar sojan da ya mutu a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 sai ta tabbatar da cewa an ɗaura musu aure, ta faɗi rana da wuri, ta jera 'ya'yanta da ranakun haihuwarsu, ta kawo maƙwabta su yi rantsuwa sun san su mata da miji. Waɗansu da ba su da wata shaida sun yage shafin da suke rubuta haihuwar iyali a littafinsu mai tsarki suka aika, kuma shafin yana nan cikin fayil har yau. A irin wannan fayil za ka ji muryar mutanen da kansu, abin da ƙidaya ba za ta taɓa ba ka ba.

Takardun fili ma haka. A ƙarƙashin dokar rabon filaye ta Amurka ta 1862, a wancan zamanin ana ba mutum eka 160 in ya zauna a kai shekara biyar yana nomawa, kuma a ƙarshe sai ya zo da shaidu biyu su bayyana irin gidan da ya gina da abin da ya shuka. Sai jerin fasinjojin jirgin ruwa, da takardun neman zama ɗan ƙasa, da wasiyya da rabon gado. Takardar gado tana da daɗin aiki, don a nan ne ake kiran kowane magaji da sunansa, har 'yar da ta yi aure ta bar gari.

Me ya sa aka hana ni ganin takardun mahaifina, alhali ni ɗansa ne?

Domin kare sirrin masu rai. Kowace ƙasa tana da adadin shekarun da takardar mutum za ta yi a rufe. Ƙidayar Amurka shekara 72 take yi, shi ya sa aka buɗe ta 1950 ranar 1 ga Afrilu 2022. Ta Kanada 92, an buɗe ta 1931 a 2023. Ta Ingila da Wales 100, an buɗe ta 1921 a farkon 2022. Rajistar haihuwa da aure a Faransa 75.

Sau da yawa akwai ƙofar da aka bar wa dangi na kusa, musamman a fayilolin soja da na aiki. Za a nemi takardar shaidar mutuwarsa da abin da ke nuna kai ɗansa ne. Ka tafi da su.

An ce mini takardun shekarun da nake nema sun ƙone. Shi ke nan?

Wannan jumla duk mai bincike sai ya ji ta, kuma sau da yawa gaskiya ce. Ƙidayar Amurka ta 1890 gobara ta ci mafi yawanta a Washington a Janairun 1921. A 1922, a farkon yaƙin basasar Ireland, ma'adanar ƙasar a Dublin ta tashi da wuta, ƙidayoyin 1821 zuwa 1851 suka tafi sai 'yan guntaye. A Mayun 1871 an ƙona zauren birnin Paris da kotun da ke riƙe da kwafi na biyu, rajistar birnin ta kafin 1860 ta salwanta. Bam ɗin Jamus a 1940 ya lalata kusan kashi biyu cikin uku na fayilolin sojojin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Ɗaya, waɗanda suka tsira kuma za ka ga gefensu a babbake. Ƙidayar Ingila da Wales ta 1931 ta ƙone a 1942. Gobarar St. Louis ta Yulin 1973 ta cinye fayilolin soja miliyan 16 zuwa 18.

Amma gwamnati ba ta rubuta abu sau ɗaya. Mutumin da aka ƙidaya shi ne dai aka karɓi harajinsa, aka biya shi albashi, aka rubuta shi a asibiti. Masu neman asali a Ireland suna cike gurbin da littafin ƙiyasin filaye na Griffith, na 1847 zuwa 1864, wanda ya jera masu haya da masu gona, da kuma rajistar coci-coci. A Ingila, tun da ta 1931 ta ƙone kuma ba a yi ƙidaya a 1941 ba saboda yaƙi, ana komawa ga rajistar da aka yi ranar 29 ga Satumba 1939 don raba katin shaida da na abinci. A Paris hukuma ta bi mutane da ofisoshi ta tattaro kwafin da ke hannunsu, aka farfaɗo da kusan kashi ɗaya cikin uku. Idan aka ce maka ta ƙone, tambayarka ta gaba ita ce: wane ofishi ne kuma yake da dalilin rubuta wannan mutum a wannan shekarar?

Na tabbata kakana yana garin a lokacin, amma sunansa ba ya fitowa.

Yana nan, rubutun ne ya sauya masa kama. Akawu yana rubuta abin da kunnensa ya ji, da ƙa'idar harshensa. Suna ɗaya kamar Muhammad za ka gan shi Mohammed a hannun Bature ɗan Ingila, Mahomet ko Mamadou a hannun Bafaranshe, Mehmet a Turkiyya. Bayan shekara ɗari kuma wani ya zo yana kwafe rubutun cikin kwamfuta, ya ga harafin L ya ɗauka S ne. Kuskure biyu ke nan a kan mutum ɗaya.

Ka rubuta sunan ta duk hanyar da baƙo zai iya jin sa, ka gwada kowacce. Ka nemi ɗan gidan da sunansa ya fi zama baƙo, domin ya fi sauƙin tsinta a cikin dubbai. In duk ya ƙi, ka ajiye akwatin bincike ka buɗe shafukan unguwar kana bi gida-gida da ido. Yana cin lokaci, amma ni ta haka na samu wata kakata, an rubuta ta da sunan da ake kiran ta a gida, wanda babu wanda ya gaya mini sai da na koma na tambaya.

A Amurka akwai tsarin Soundex da aka yi wa wasu ƙidayoyi, yana tara sunaye masu amo ɗaya a lamba ɗaya: Smith da Smyth duk S530 ne. Labarin nan kuma da ake yawan bayarwa cewa jami'an tsibirin Ellis, inda a da ake tantance baƙin da suka shigo Amurka ta New York, su ne suka canja wa baƙi suna, ka ɗauke shi da hattara. Jerin fasinjoji tun a tashar da jirgi ya taso ake rubuta shi, jami'an suna duba mutum ne kawai da abin da ke jerin. Mafi yawan masu sabon suna su suka canja da kansu daga baya.

Takarda uku, shekarun haihuwa uku. Wacce ce daidai?

Wadda aka rubuta kusa da lokacin haihuwar, daga bakin wanda ya shaida ta. Takardar mutuwa shaida ce mai ƙarfi kan ranar mutuwa, amma shekarun mamacin da sunan iyayensa wani ne ya faɗa cikin jimami, wataƙila ma suruki. Mutane kuma suna da dalilansu: yaro yana ƙara shekara don a ɗauke shi soja, ma'aikaci yana ragewa don kada a yi masa ritaya. A ƙidayar Birtaniya ta 1841 ma umarni aka ba masu ƙidaya su rage shekarun duk wanda ya haura 15 zuwa biyar ɗin da ke ƙasa, mai 29 ya koma 25.

Ka lura da kalanda. Birtaniya da ƙasashen da take mulka sun tsallake kwana 11 a Satumban 1752, aka kwanta ranar 2 aka tashi ranar 14, kuma kafin nan sabuwar shekara a Ingila tana kamawa ne 25 ga Maris. Rasha ba ta canja ba sai 1918. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka shekara 33 a wancan lissafin kusan 32 ce a wannan.

Kakannina bayi ne, ko talakawa ne a ƙarƙashin mulkin mallaka. Akwai abin da zan samu?

Akwai, amma hanyar ta fi tsawo, kuma karatun yana da ɗaci. Jerin bayi na ƙidayar Amurka ta 1850 da 1860 yana ɗauke da sunan ubangida ne, bayin kuma shekaru, jinsi da launin fata kawai. Sai a 1870 aka fara rubuta su da sunayensu. Kafin wannan shekarar dole ka bi takardun wanda ya mallake su: wasiyyarsa, lissafin dukiyarsa, takardun ciniki, inda za ka tarar da sunan kakarka tsakanin dabbobi da kayan ɗaki. Takardun hukumar kula da 'yantattun bayi, wadda ta yi aiki daga 1865 zuwa 1872, suna da rajistar aure da yarjejeniyar ƙwadago. A Kew akwai rajistar bayi ta ƙasashen da Birtaniya ta mallaka daga 1813 zuwa 1834 a ƙarƙashin lamba T 71, tare da takardun diyyar fam miliyan 20 da aka biya, ba bayin ba, iyayen gijinsu.

Game da mulkin mallaka kuwa, abin da ke babban birnin masu mulkin mafi yawansa wasiƙu ne tsakanin gwamna da ma'aikatarsa. Sunan talaka bai cika hawa can ba sai in ya yi tawaye ko ya rubuta koke. Littattafan haraji, na ƙananan kotuna da rahotannin gundumomi galibi an bar su a ƙasar da aka mulka. Takardun gwamnatin Afirka ta Yamma ta Faransa, misali, suna Dakar. Takardun 'yan ƙwadagon da aka kwasa daga Indiya, masu ɗauke da sunan mutum, sunan ubansa da ƙauyensu, suna manyan biranen ƙasashen da aka kai su, irin su Suva a Fiji, Georgetown a Guyana da Port of Spain a Trinidad.

Tun da akwai intanet, me zai kai ni can?

Ka fara da intanet ɗin, tabbas. Shafin neman asali na FamilySearch kyauta ne, ƙidayar Ireland ta 1901 da 1911 kyauta ce, Trove na laburaren Ostareliya da Gallica na Faransa sun zuba tsofaffin jaridu ba adadi. Amma abin da aka ɗauka hoto ɗan kaɗan ne a kan abin da ke cikin akwatuna, kuma an fi ɗaukar wanda jama'a suka fi nema. Fayilolin kotu, wasiƙu da koke-koke yawancinsu sai ka je. Ko abin da ka samu a intanet, kada ka tsaya a kan abin da wani ya kwafa. Buɗe hoton takardar ka karanta da idonka, har da rubutun gefe. A rajistar haihuwa ta Faransa, tun 1897 ana rubuta auren mutum a gefen shafin haihuwarsa, tun 1945 kuma har da mutuwarsa.

Bishiyoyin nasaba da mutane ke ɗorawa a shafukan nan kuwa, ka ɗauke su a matsayin jita-jita har sai ka ga takarda.

Yaya ranar zuwan take?

Za ka yi rajista a ba ka katin mai karatu, don haka ka tafi da katin shaida mai hoto, wasu wuraren har da abin da ke nuna adireshinka. Jaka, biro, abinci da ruwa duk a kabad za ka kulle su. Fensir kaɗai ke shiga. Ba ka zuwa wurin kantoci da kanka. Za ka cike lambar abin da kake so, ka zauna ka jira, wani lokaci minti arba'in, wani lokaci fiye.

Sai akwatin ya iso a kan 'yar kura. Ka kwance igiyar, ka ɗaga murfin, wani wari na tsohuwar takarda da ƙura ya buge ka. Fayil ɗaya ake fitarwa a lokaci guda, ka sa alama a gurbinsa, kuma ba a sauya jerin shafuka ko da ka ga kamar an hargitsa su. Babban littafi a kan matashi ake ɗora shi don kada bayansa ya karye. Za ka ga tsatsar allurar da aka maƙale takardu da ita ta ci gefen shafi, ka ga inda akawu ya goge ya sake rubutawa, ka ga dangwalen yatsa a inda ya kamata a sa hannu. Safar hannu ba a cika sa ta don takarda ba, an fi son hannu wankakke busasshe, sai in hotuna za ka taɓa.

Kuskuren da na taɓa yi: na yi doguwar tafiya zuwa wata ma'adana da kwana biyu kacal a hannuna, na cike takardar neman akwati, sai aka ce wannan rukunin a wani sito yake a bayan gari, sai an ba da sanarwar kwana uku. Haka na dawo ban ga komai ba. Tun daga nan ba na tashi sai na rubuta musu, na ba da lambobin, sun amsa cewa kayan za su kasance a ɗakin karatu ranar da zan zo. Ka kuma duba ranakun hutu da ƙarfe nawa ake daina fito da akwati, domin yakan riga lokacin tashi da awa ɗaya ko fiye.

Ana biya?

Shiga da karatu galibi kyauta ne. Kwafi, da kwafi mai hatimi, da aika maka ta waya su ake biya. Wurare da yawa suna barin ka ɗauki hoto da wayarka ba tare da walƙiya ba, wasu sai da izini. Ka tambaya kafin ka ɗaga wayar.

Yaya zan yi wa ma'aikacin wurin tambaya?

A taƙaice. Da ɗan gari akan ci gari, kuma waɗannan mutane sun san rumbunsu, amma ba za su yi maka binciken ba, ba kuma su da lokacin jin tarihin gidanku tun daga tushe. Ka ce: ina neman mutum kaza, ya yi aikin jirgin ƙasa a lardi kaza tsakanin shekara kaza da kaza, na duba rukuni kaza ban samu ba, ina kuma zan duba? Ka nemi a nuna maka littafin jagora na rukunin, domin akwai tsofaffin jerin da aka buga da tafireta waɗanda har yau ba su shiga kwamfuta ba.

Takarda ta saɓa wa abin da dattijanmu suka faɗa. Wa zan gaskata?

Kada ka yi saurin ba takarda gaskiya don kawai tana da hatimi. Wanda ya rubuta ta baƙo ne, wataƙila ta bakin tafinta ya ji, kuma wanda ake tambaya yana iya ɓoye wani abu don tsoron haraji. Maganar baka kuma tana da nata halin: takan haɗe mutum biyu masu suna ɗaya su zama ɗaya, takan tsallake kakan da bai yi suna ba. A abin da na gani, baka ta fi riƙe dangantaka da dalilin ƙaura, takarda ta fi riƙe shekara da wuri. Ka rubuta duka biyun, kowanne da inda ka samo shi, ka bar saɓanin a fili har wata shaida ta uku ta zo.

In na tono abin da dangi ba za su so ji ba fa?

Za ka tono. Ɗaurin kurkuku, auren da aka ɓoye, ɗan da ba a taɓa ambata ba, bashin da ya cinye gida. Kada ka goge shi daga bayananka, amma ba dole ne ka karanta shi a taron dangi ba. In abin ya shafi wanda ke raye ko 'ya'yansa, da su za ka fara magana, a keɓe.

Ba zan iya zuwa ba. In ɗauki wani ya duba mini?

Zuwa da kai ya fi aike, amma aiken ma yana biyan buƙata in ka san abin da kake so. Ma'adanu da yawa suna da jerin masu bincike masu zaman kansu, ko da yake ba sa tsaya musu. Ku yi yarjejeniya a rubuce kan awa nawa zai yi, ka ba shi duk abin da ka riga ka sani don kada ka biya kuɗin abin da ke hannunka, kuma ka ce ya kawo maka hoton kowace takarda da lambarta, da jerin wuraren da ya duba bai samu komai ba. Wanda ya yi maka alkawarin sakamako tun bai buɗe akwati ba, ka nemi wani.

Me zan rubuta game da kowace takarda da na samu?

Sunan ma'adanar, lambar rukuni, lambar akwati ko fayil, lambar shafi, da ranar da ka gani. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce ka fara ɗaukar hoton takardar neman akwatin da bangon fayil ɗin kafin shafukan ciki, ta yadda hotunan da ke biye duk za ka san daga ina suke. Ka ɗauki shafin gaba ɗaya har da kan jadawalin, da bayansa in akwai rubutu. Abin da ka duba ba ka samu komai ba shi ma ka rubuta shi da lambarsa, in ba haka ba bayan shekara biyu za ka sake neman akwatin nan, ka sake jiran minti arba'in, sai ka kwance igiyar sannan ka gane shi.